Mayar da kwanson .308 na soja ya zama .243: nazarin lamarin wani mafarauci a Wisconsin

Asalin lamarin

Mafaraucin da ake magana a kansa mazaunin jihar Wisconsin ne a Amurka, kuma ya daɗe yana ɗura harsashin bindigarsa da kansa, wato yana sake sa albarushi da ƙwaya a cikin kwanson da aka riga aka harba. A can dokar tarayya ta bar mutum ya yi haka don amfanin kansa ba tare da lasisi ba. A Najeriya kuwa dokar makamai ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi a gida, saboda haka wannan lamari ne na can.

A farkon 2021 ya saya wa 'yarsa bindiga mai sakata da ke cin harsashin .243 Winchester, don ta fita farautar barewa a watan Nuwamba. Ana yawan zaɓar wa matasa wannan harsashi saboda bugunsa a kafaɗa ba shi da ƙarfi. Sai dai lokacin ya zo daidai da ƙarancin harsashi da kayan ɗuri da ya addabi Amurka a 2020 da 2021. Kantocin yankinsa ba harsashin .243, ba kwanson da babu komai a ciki. Abin da yake da shi shi ne bokiti guda na kwanson soja samfurin 7.62x51, wato takwaran .308 na soja, wanda aka harba sau ɗaya, kusan guda 300, yawancinsu ɗauke da tambarin LC, wato na masana'antar Lake City da ke Independence a jihar Missouri.

Tunanin mayar da su .243 ba baƙon abu ba ne. Kamfanin Winchester ya fitar da .308 a 1952, sannan a 1955 ya matse wuyan wannan kwanso ya fitar da .243. Daga wannan gida kuma 7mm-08 Remington ya fito a 1980, .260 Remington a 1997. Gindinsu ɗaya, jikinsu ɗaya, kafaɗarsu duka digiri 20, har ma da ma'auni ɗaya maƙerin bindiga ke gwada zurfin gurbinsu, wato ramin da harsashi ke zama a cikin bindiga. Wuya ne ya raba su: .308 na riƙe ƙwaya mai kaurin inci 0.308, 7mm-08 mai 0.284, .260 mai 0.264, .243 mai 0.243. Aikin kenan rage faɗin wuya da inci 0.065.

Kayan da ke hannunsa: mamatsi mai hannu ɗaya, mazubin .308 da na .243 masu matse kwanso tun daga gindi har baki, mazubin 7mm-08 da ya rage masa daga wata tsohuwar bindiga, abin datse tsawo, ma'aunin tsawo, da sikelin albarushi. Ba shi da maikiromita mai auna kaurin bangon wuya, ba shi kuma da abin aske wuya.

Fabrairu 2021: tsinta da gyaran gindi

Ya ware kwanson bisa shekarar da aka buga a gindi, ya samu 200 na shekara ɗaya, sauran ya ajiye gefe. Ya fitar da tsohuwar firaima, wato ɗan maɓallin da ke tsakiyar gindi wanda allurar bindiga ke sara ya kunna albarushi. Kwanson soja ana danne bakin ramin firaimarsa da zobe don kada ta faɗo a cikin mashinga. Sai an kawar da wannan zoben sabuwa ke shiga. In an tilasta ta, ko ta lanƙwashe ko ta tashi a hannun mutum. Ya yi amfani da abin buɗa rami ta hanyar dannawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya wanke su. Wannan mataki bai ba da matsala ba sai cin lokaci.

Maris 2021: gwaji na farko, matsi ɗaya tak

Ya ɗauki 20, ya shafa musu maiko, ya tura kowanne kai tsaye cikin mazubin .243. Bakwai suka lalace.

Huɗu kafaɗarsu ta rufta, ta nutse cikin jiki kamar an taka gwangwanin madara. Lokacin da bakin kwanso mai faɗin inci 0.34 ya ci karo da ramin da bai kai 0.28 ba, duk ƙarfin mamatsi kan kafaɗa yake sauka, kuma in wuya ya ƙi shiga da sauri kafaɗar ce ke sallamawa. Biyu suka fito da ninki a tsaye a wuya. Da aka duba sauran kwanson da ba a taɓa ba, sai aka ga da yawa bakinsu ya ɗan lotse tun daga faɗuwar da suka yi a ƙasa bayan harbi. Lotsin da ido ke rainawa shi ne ke zama ninki idan aka matse. Na bakwai ya fito da lotsi zagaye a kafaɗa, alamar maiko ya yi yawa. Maiko ba ya matsuwa, in ya taru tsakanin kafaɗa da mazubi tagulla ce ke ba shi wuri.

Maris 2021: gwaji na biyu, gashi kafin matsi

Ya ɗauka taurin tagullar ne matsalar, sai ya gasa wuya da kafaɗar wasu 20 da wutar gas har suka yi ja a ido, sannan ya sake tura su cikin mazubin .243. Wannan karo 11 suka rufta.

Tagullar kwanso gami ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Tana ƙara tauri duk lokacin da aka matse ta ko aka buɗa ta, zafi kuma yana mayar da ita laushi. Wuyan ya yi laushi kamar yadda yake so, amma kafaɗar da za ta tokare ma ta yi laushi, ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar nauyi. Jan da suka yi kuma shaida ce cewa zafin ya wuce kima. Ragowar taran da suka tsira da siffarsu ma ya zubar, don da yatsa ana iya lotsa bakinsu, kuma wuya mai irin wannan laushi ba ya riƙe ƙwaya.

Afrilu 2021: matsi a hawa-hawa

A gwaji na uku ya bar gashi, ya raba aikin. Da farko kowane kwanso ya shiga mazubin .308 da ƙwallon buɗa wuya a ciki, don bakin ya dawo zagaye sosai, sannan ya ɗan goge kaifin bakin ta waje don ya samu saukin shiga rami. Daga nan mazubin 7mm-08, sai na .260 da ya aro, sai na .243. A matakai biyu na tsakiya ya cire ƙwallon buɗa wuya, tunda ba amfanin buɗa abin da za a sake matsewa, ya kuma ɗaga mazubin kaɗan don ya taɓa wuya kawai, kada ya tura kafaɗa baya. Ya canza maiko zuwa kakin Imperial, ɗan kaɗan a yatsa, a jiki da wuya, ban da kafaɗa. Hannun mamatsi kuma a hankali, ba fizga.

Dukkan 20 suka fito lafiya. Kowane mataki bai rage fiye da inci 0.024 ba.

Tsawonsu ya tashi daga wajen inci 2.005 zuwa tsakanin 2.014 da 2.020. Iyakar tsawon kwanson .243 inci 2.045 ne, ana kuma datse shi zuwa 2.035, don haka sun gaza da kusan 0.020. Gajarta irin wannan ba ta da haɗari. Abin da take jawowa shi ne toka ta taru a gaban bakin kwanso a cikin gurbi, kuma dole a goge ta kafin a koma amfani da kwanso mai cikakken tsawo.

Sai wata matsala ta ɓullo: shida daga cikin 20 sakata ba ta rufuwa a kansu sai da ƙarfi, tun ba komai a cikinsu. Ya shafe su da baƙin alƙalami, ya sa a gurbi, ya fitar. Inda tawadar ta goge shi ne can ƙasa, kusa da gindi. Kwanson soja da yawa a mashinga aka harba shi, gurbin mashinga kuwa yana da yalwa, kwanso ya kumbura a ciki, mazubi na yau da kullum ba ya mayar da shi daidai saboda tagulla tana ɗan dawowa bayan an sake ta. Ya samo mazubin .308 mai matsattsen gindi, ya mayar da shi matakin farko. Daga nan sakata ta riƙa rufuwa ba gardama a kan kwanson da babu ƙwaya.

Mayu 2021: harbi uku, aka tsaya

Ya ɗura goma da ƙwaya mai nauyin giren 100, da adadin albarushi na farawa da ke cikin littafin ɗuri na kamfanin da ya yi ƙwayar. Wajen rufe sakata ya ji ɗan tauri a ƙarshe, abin da bai ji ba da kwanso fanko. Harbi na farko sakata ta buɗe da ɗan nauyi. Na biyu haka. Na uku sai da ya bugi hannun sakatar da tafin hannu. Firaimar ta baje har gefenta ya cike ramin, kuma a gindin kwanson ga wani ɗan tabo mai sheƙi inda tagulla ta kutsa cikin ramin abin tunkuɗo kwanso. Waɗannan alamun matsin wuta ne da ya haura kima. Iyakar da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka mai tsara ma'auninsu, ta sa wa .243 Winchester fam 60,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Ya tattara kayansa.

A gida ya yi gwajin da ba ya bukatar kayan aiki: ya ɗauki sabuwar ƙwaya ya gwada sa ta a bakin kwanson da aka harba. A ka'ida ta shige da yatsa, ko ma ta faɗa ciki da kanta, domin wuya yana buɗewa ya saki ƙwaya lokacin harbi. A cikin ukun nan ba wanda ta shiga. Ya zare ƙwayoyin sauran bakwai ɗin, ya juye albarushin.

Yuni 2021: awo a wurin maƙerin bindiga

Maƙerin ya toshe bututun da ƙyalle kaɗan gaba da gurbi, ya zuba narkakken Cerrosafe, wani gamin ƙarfe da ke narkewa tun kafin zafin tafasar ruwa. Gamin yana ɗan tsukewa da farko, a samu a fitar da shi, bayan awa ɗaya kuma ya dawo daidai girman gurbin, a lokacin ake aunawa. Wuyan gurbin ya ba da inci 0.278. A zanen SAAMI mafi ƙanƙantar wuyan gurbi 0.277 ne, mafi girman wuyan harsashi 0.276.

Sannan ya auna bangon wuya da maikiromita mai ƙwallo a baki. Kwanson sojan da ba a taɓa ba yana tsakanin 0.015 da 0.0155. Wanda aka matse ya koma 0.017 zuwa 0.0175. Lissafin ba shi da wuya: ƙwaya 0.243, a ƙara bango sau biyu, ya zama 0.277 zuwa 0.278. Tsakanin wuyan harsashi da bangon gurbi kenan ko dai 0.001, ko ba komai.

Tagullar da ta zagaye faɗin 0.308 ita ce dai aka tara ta zagaye 0.243. Ba ta ragu ba. Kaɗan daga cikinta ya tafi tsawo, shi ne ƙarin da aka gani a Afrilu, sauran ya tafi kauri. Idan wuta ta tashi kuma wuya bai samu wurin buɗewa ba, gurbin ya zama kamar filaya da ta riƙe ƙwayar, matsin ya hau kafin ta motsa. Bangon ma ba daidai yake ba a zagaye. A wasu, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri da 0.001, bambancin da ke nan tun asali amma matsi ya ƙara fito da shi.

Maƙerin ya nuna abu na biyu. Kwanson soja ya fi na kasuwa nauyi, kuma tunda girmansu ɗaya ta waje, ƙarin tagullar a ciki yake. Sun cika kwanso da ruwa har baki suka auna, suka kwatanta da kwanson .243 na kasuwa guda biyar da maƙerin ke da su: na sojan ya gaza da kusan giren 2 na ruwa. Hakan ya yi daidai da bambancin nauyinsu na wajen giren 17, tunda tagulla ta fi ruwa nauyi kusan sau takwas da rabi. Albarushi ɗaya a ƙaramin ciki yana ba da matsi mafi girma, kuma alƙaluman littafin ɗuri da kwanson kasuwa aka gwada su.

Yuli zuwa Agusta 2021: askin wuya da gashi

Ya sayi abin aske wuya na hannu da tsinken ƙarfe guda biyu, ɗaya na buɗa wuya, ɗaya na jikin askar wanda kwanso ke juyawa a kansa. Dole su zama 'yan gida ɗaya. In wuya ya matse tsinken askar, zafi ya tashi, tagulla ta manne a jikinsa. In ya yi sako-sako, askar ta ci gefe ɗaya fiye da ɗaya.

Biyar na farko sun lalace saboda ya aske su kafin ya daidaita tsawo. Askar daga bakin kwanso take tsayawa, don haka a gajeren kwanso sai ta wuce ta yanki kafaɗa. Yanka mai zurfi a mahaɗar wuya da kafaɗa na iya sa wuyan ya cire ya maƙale a gurbi. Daga nan ya datse duka zuwa 2.012, tsawon mafi gajarta a cikinsu, ya saita askar ta ɗan lashi kafaɗa kawai. Ya aske zuwa 0.015, a zagaye biyu, na farko ya kwashe mafi yawa, na biyu ya share. Da ƙwaya a ciki wuyan ya koma 0.273, sarari 0.005 kenan a gurbin.

Akwai kumburin zobe da kan fito a cikin wuya daidai mahaɗar kafaɗa, wanda masu ɗuri ke tsoro. Ya fi damun masu faɗaɗa wuya, domin a wurinsu tagullar kafaɗa mai kauri ce ke komawa wuya. A matsewa akasin haka ne, gindin tsohon wuya ne ke komawa kafaɗa. Shi ya sa wuyan .243 bai kai inci 0.25 ba, na .308 kuwa ya kai 0.30. An bi su da tsinke an duba, ba a samu ba.

Ya ɗura 12 ba tare da gashi ba, ya fara daga adadin farawa, ya bar shi a nan. Sakata ta buɗe da yatsa biyu, firaima da gefenta zagaye, ƙwaya tana shiga bakin kwanson da aka harba. Amma a ɗuri na biyu uku suka tsage a wuya. Matsi huɗu, buɗawa, da harbi sun taurara tagullar har ta kai ga tsagewa.

Sai ya koma gashi, wannan karo bayan an gama siffa, kuma da awo. Ya shafa Tempilaq, wani fentin gwada zafi, mai narkewa a digiri 750 na Faranhait, kusan 400 a Salshiyas, a cikin wuyan kwanson gwaji, da wani mai narkewa a 450 a tsakiyar jiki zuwa gindi. Ya sa kwanso a soket, ya ɗaura a injin huda mai batir yana juyawa, bakin harshen wuta a mahaɗar wuya da kafaɗa. A wutarsa na wuyan ya narke a daƙiƙa shida, na jikin bai motsa ba. Da wata wutar lokacin zai bambanta, shi ya sa ake gwadawa. Gindi bai kamata ya ji wannan zafi ba ko kaɗan. Shi ke riƙe matsin harbi, kuma kwanson da gindinsa ya yi laushi na shara ne. Maƙeri da ya saba da baƙin ƙarfe zai yi zaton tsoma shi a ruwa zai taurara shi, amma tagulla ba haka take ba: a tsoma ko a bari ta huce, laushinta ɗaya, ruwan dai yana hana zafi gangarawa gindi.

Bayan gashi kowanne ya sake shiga mazubin .243 sau ɗaya, aka goge baki ciki da waje.

Satumba zuwa Nuwamba 2021: sakamako

Daga 200 da aka ware, 60 sun tafi a gwaje-gwajen Maris da Afrilu da Mayu, ko sun lalace ko an ajiye su gefe. Cikin 140 da suka rage, biyar askar ta ci, uku suka tsage, huɗu suka yi ninki. An tsira da 128.

Ya ɗaga albarushi kaɗan-kaɗan yana duba gindi da sakata bayan kowane harbi, ya tsaya nesa da iyakar littafin saboda ƙarancin cikin kwanson. A yadi 100 harbi biyar suna taruwa cikin inci ɗaya da kwata. Rukunin gwaji na 20 ya kai ɗuri biyar ba tsagewa. A jikin kowane akwati ya rubuta .243 da manyan baƙaƙe, domin tambarin gindi LC ne da shekara kawai, irin wanda ke kan harsashin .308 ɗinsa. Yarinyar ta fita da su a kakar farautar barewa da bindiga ta jihar, mai kwana tara, a ƙarshen Nuwamba.

Hukunci

Kurakuran Maris masu arha ne. Kafaɗa ta rufta, an gani, an jefar. Asarar kwanso ce kawai. Kuskuren da ya kusa jawo rauni shi ne na Mayu, lokacin da kwanson ya yi kyau a ido, ya shiga gurbi, aka ɗauka aiki ya ƙare. Gwada kwanso fanko a bindiga ba ya faɗin komai game da wuya, tunda sai ƙwaya ta shiga yake kai cikakken faɗinsa. Da an sa ƙwaya a kwanso ɗaya ba albarushi ba firaima, aka auna wuyan aka ga 0.278, alhali iyakar zane 0.276, da ba a je filin harbi ba. Taurin da ya ji wajen rufe sakata ma ya isa ya tsayar da shi kafin harbin farko, ba bayan na uku ba.

Gashi a Maris da gashi a Agusta wuta ɗaya ce. Lokacin da awon ne suka bambanta. Matsi a hawa-hawa ya yi aiki saboda ya bar kafaɗa da taurinta, ya rage nauyin da ke sauka a kanta. Da kwanson .308 na kasuwa mai siririn bango wasu kan tsallake matakin .260, wani lokaci ma wuyan ya fito cikin iyaka ba aski, amma wannan sai maikiromita ta tabbatar a kan kowane rukuni da kowace bindiga.

Zaɓen kwanson soja shi ya ninka aikin: zoben firaima, kumburin gindi, kaurin wuya da ƙarancin ciki duk daga nan suka fito. Da 7mm-08 ake nema, rage 0.024 kawai, da matsalar wuya ta ragu, ko da yake zoben firaima, kumburin gindi da ƙarancin ciki suna nan. Kuɗin mazubi mai matsattsen gindi, askar wuya, tsinkaye, Tempilaq da ladan maƙeri sun haura abin da kwanson .243 guda 128 zai ci a shekarar da kaya ke kanti. A 2021 babu shi a kantocin yankinsa, kuma kakar farautar ba ta wuce kwana tara ba.